Darasi: Yadda Ake Tsince Tsofaffin Kwabban Amurka Daga Naɗin Banki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ƙanena, ɗan sunkuyo da kyamarar kan teburin nan. Yawwa.

Wannan kwalin da kuke gani, jiya na karɓo shi daga banki a nan Amurka. Dala 25 na bayar. A ciki akwai naɗi 50, kowane naɗi kwabo 50, jimla kwabo 2,500 ke nan. Na ce kwabo don shi ne bakinmu ya saba da shi, amma feni nake nufi, wato santi ɗaya mai hoton Shugaba Abraham Lincoln. Ai kalmar kwabon ma daga sunan jan ƙarfe da Turanci muka aro ta tun zamanin kwabo mai huji, to ba mu yi nisa da gida ba.

Tun farko in faɗa muku gaskiya: wanda ya shigo wannan harka don ya yi kuɗi cikin mako guda, gara ya koma bakin aikinsa. Kusan duk abin da ke cikin kwalin nan santi ɗaya ne, kuma a santi ɗaya zai koma banki. Daɗin abin dai ba ka asara, kuɗinka ne ka canza da kuɗi.

Kayan aikin ba su da yawa. Ga ɗan sikeli irin na masu sayar da gwal, ga mayen ƙarfe da na ciro daga jikin firji, ga gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo. Sai tawul da na shimfiɗa don kada su riƙa gangarewa ƙasa.

Bismillah, bari mu farke na farko. Ni ba shekara nake fara dubawa ba, bayansu nake juyawa. Kun ga wannan mai garkuwa? Daga 2010 zuwa sama ne, a tura shi gefe. Wannan mai hoton gini da ginshiƙai, daga 1959 zuwa 2008, a ajiye shi tukuna, za mu dawo kansa. Abin da ido ke nema shi ne zangarniyar alkama guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Duk wanda ke da ita an buga shi tsakanin 1909 da 1958.

A'a, ga ɗaya nan kuwa! Matso sosai. Kun ga alkamar ta suɗe, da ƙyar ake ganin layukanta, launinsa ya koma kamar na goron da ya kwana. 1946. To wannan ba wani abin a zo a gani ba ne, an buga irinsa birjik, dillali ba zai ba ka fiye da 'yan santi kaɗan ba. Amma ni ina ajiyewa. A kwali ɗaya nakan samu kamar goma, wata rana biyar, akwai ranar da na tashi da biyu kacal da baƙin yatsu.

In ka samu mai alkama, sai ka duba ƙarƙashin shekarar, akwai ɗan harafi da ke nuna garin da aka buga shi. D na nufin Denver, S na nufin San Francisco, in babu komai to Philadelphia ce. Wannan ɗan harafin ne ke raba na banza da na kuɗi. Na 1909 mai S wanda kuma ke da haruffan VDB a ƙasan bayansa, wato sunan wanda ya zana shi, Victor David Brenner, guda 484,000 kawai aka buga. Sai na 1914 mai D, da na 1931 mai S. Waɗannan in Allah Ya ci da kai da su, ka ci sa'a. Sai dai a kula, akwai 'yan damfara da ke kankare 4 na farko a 1944 ya koma 1914. Yadda za ka kama su: sa gilashi a ƙasan kafaɗar Lincoln. Sai a 1918 aka fara sa ƙananan haruffan VDB a wajen. In ka gan su a kan na 1914, jabu ne.

Yanzu labarin da kowa ke tambayata a kai, na 1943. A shekarar ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ana buƙatar jan ƙarfe don kayan yaƙi, sai aka buga kwabon da baƙin ƙarfe aka shafe shi da zinki. Fari-fari yake kamar sulai. Ga wani nan da na samu bara, dubi yadda ya maƙale wa mayen ƙarfe, caf. Shi ma ba tsada gare shi ba. Mai tsadar shi ne wanda aka buga da jan ƙarfe bisa kuskure a wannan shekarar, 'yan ƙalilan ne a duniya, har an sayar da ɗaya na Denver dala miliyan 1.7 a 2010. Wani ɗan'uwa ya taɓa kirana tsakar dare yana haki, wai ya samu. Na ce kawo. Ina ɗora mayen ƙarfe ya kama shi. Ashe na baƙin ƙarfe ne wani ya shafa masa ruwan jan ƙarfe. Haka ya koma gida jiki a sanyaye.

To mu dawo kan masu ginin nan. Duk na kafin 1982, kashi 95 cikin 100 jan ƙarfe ne. Na bayan 1982 zinki ne aka yi masa riga da jan ƙarfe. Ita kuwa 1982 kanta shekarar ruɗani ce, an buga iri biyun duka, ido ba ya rabewa, sai sikeli. Duba nan: giram 3.1, jan ƙarfe ne. Wannan kuma 2.5, zinki. Wasu da kunne suke ganewa, in ka yar da shi kan tebur na jan ƙarfe yana da ƙara mai zaƙi, na zinki sai ka ji ɗif. Ƙarfen da ke jikin tsohon ya fi santi ɗaya daraja, shi ya sa wasu ke tara su bokiti-bokiti. Amma kar wanda ya ce zai narkar. Tun 2006 aka hana, kuma hukuncin na iya kaiwa tarar dala 10,000 ko ɗaurin shekara biyar. Mai tafiya gida ma, fenin da ya wuce na dala biyar ba a yarda ka fita da shi a jakarka ba.

Akwai kuma na kuskuren bugu, inda rubutun ke fitowa biyu-biyu kamar mai gani garara. Shekarunsu: 1955, 1972, 1995, da 1969 mai S. Duk wanda ya faɗo hannuna cikin waɗannan, sai na sa masa gilashi.

Abu ɗaya nake roƙonku don Allah: kada ku wanke. Na san halinmu, an ga tsohon abu sai a ɗauko lemun tsami da toka a goge shi ya yi ƙyalli. Ni ma na taɓa yi wa wani na 1920, dillalin ya juya shi sau ɗaya ya miƙo mini kayana. Wannan duhun da shekaru suka sa masa, shi masu saye ke so.

Tun watan Nuwamba na 2025 gwamnati ta daina buga feni na kashewa, don kowane ɗaya yana cin kusan santi huɗu kafin ya fito. Saboda haka bankuna sun fara maƙo da kwali, wani reshen naɗi biyu ko uku kawai zai ba ka. Ka yi musu magana da ladabi. Ragowar kuma kada ka mayar inda ka karɓo, ka kai wani bankin daban, in ba haka ba mako mai zuwa kayanka za a sake miƙo maka. Ni har ɗan jan layi nake yi a takardar naɗin don in gane nawa.

Saura naɗi 49. Ƙanena, miƙo mini wancan mai tsohuwar takarda, da alama da hannu wani ya naɗe shi a gida, irinsu ne suka fi ɓoye kaya.