Kafin Ka Ciro Sabon Tikiti, Karanta Abin Da Sabar Ta Ce

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanku da zuwa. Na can baya kuna jina? To, madalla.

An ce in yi magana a kan abin da ke addabar duk mai haɗa manhajarsa da Facebook ko Instagram ko X ko YouTube. Jiya manhaja tana aiki lafiya lau, tana wallafa rubutu, tana ɗauko sharhin mutane. Yau an wayi gari ta tsaya cik, sabar, wato kwamfutar kamfanin da ke amsa buƙatun manhajarka, ta ce ba ta san ka ba. Na kuma san abin da yawancinku kuke yi. Sai ku garzaya shafin masu haɗa manhaja, ku ciro sabon tikitin shiga, wato tokin, ku liƙa, abu ya tashi, ku ce an gama. Bayan awa biyu ya sake mutuwa, ku sake cirowa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Maganata a yau guda ce: kusan kullum sabar ta riga ta faɗa maka dalilin da ya sa ta ƙi ka, kai ne ba ka tsaya ka karanta ba.

Bari mu ɗan koma baya kaɗan, don a san me tikitin nan yake. A da, idan manhaja tana so ta yi rubutu a madadinka, sai ta karɓi sunanka da kalmar sirrinka ta ajiye. Twitter, wato X ta yanzu, ta rufe wannan hanya a watan Agustan 2010. Tsarin da ya maye gurbinta shi ne OAuth, kuma kashi na biyunsa, wanda kusan kowa ke amfani da shi yanzu, ya fito a watan Oktoban 2012 a takardar da ake kira RFC 6749. Yadda yake tafiya: manhajarka ta tura mutum can gidan Facebook ko Google, ya shiga da kansa, a nuna masa izinin da kake nema, ya amince. Sai a maido shi wurinka ɗauke da wata lamba ta wucin gadi. Sabarka ta kai lambar nan tare da sirrin manhajarka, wato makullin ɓoye da aka ba ka lokacin rajista, a musanya mata da tikiti. Daga nan duk buƙatar da za ka aika, da tikitin za ka aika ta. Kalmar sirrin mutumin ba ta taɓa zuwa hannunka ba, kuma yana iya janye izininsa duk ranar da ya ga dama ba tare da ya sanar da kai ba. Ku riƙe wannan na ƙarshe, don za mu sake cin karo da shi.

Idan sabar ta ƙi ka, ɗaya daga cikin tambayoyi uku take yi. Waye kai? Wannan ita ce lamba 401. Na san ka, amma wa ya ba ka izinin wannan aikin? Ita ce 403. Ka cika yawan zuwa, dakata tukuna: 429. A takarda haka abin yake. A aikace kuwa kamfanonin ba su cika bin ƙa'idar ba. Facebook takan maido maka da 400 alhali tikitinka ne ya mutu. YouTube takan ba ka 403 alhali izininka lafiya yake, kasonka na yini ne ya ƙare, wato maki 10,000 da ake ba sabuwar manhaja, kuma ba zai dawo ba sai sha biyun dare a agogon yammacin Amurka. Wanda ya ga 403 ɗin nan ya tafi neman sabon tikiti, ya ɓata yininsa a banza. Saboda haka kada lambar waje ta ishe ka. Buɗe cikin amsar, ka kuma riƙa rubuta ta kana ajiyewa. Abin takaici, shiryayyun sassan manhaja (libraries) da yawa da muke ɗauka a intanet sukan haɗiye cikin amsar su jefo maka jimla ɗaya kawai, wai an samu kuskure. Idan naka haka yake, ajiye shi gefe, ka aika buƙatar da hannunka ta curl, wato ƙaramar manhajar aika buƙata kai tsaye, ka ga amsar tsirara.

To mu zauna a kan Facebook, don a nan ne aka fi kuka, kuma abin da zan faɗa ya shafi Instagram. Idan tikiti ya lalace za ka ga OAuthException da lamba 190. Mutane da yawa nan suke tsayawa. Amma a ƙarƙashinta akwai ƙaramar lamba, kuma ita ce ke ɗauke da labarin. Idan 463 ce, wa'adin tikitin ne ya cika. Idan 460 ce, mutumin ya canza kalmar sirrinsa. Idan 458 ce, ya cire manhajarka daga asusunsa. Idan 459 ce, Facebook ta tsare asusunsa har sai ya shiga ya tabbatar shi ne. Ku duba da kyau: a cikin huɗun nan, ta farko ce kaɗai laifinka, don kai ne ba ka kula da ranar ƙarewa ba. Sauran ukun babu abin da za ka rubuta a manhaja ya gyara su. Dole mutumin ya dawo ya sake shiga. Aikinka shi ne manhajarka ta gane haka, ta daina buga ƙofa, ta aika masa saƙo cikin ladabi cewa ya sake haɗa asusunsa.

Ita kuwa 463, ga tushenta. Tikitin da ake ba ka da farko gajere ne, awa ɗaya zuwa biyu. Wanda kuke kwafowa daga Graph API Explorer, shafin gwajin buƙatu na Facebook, ku liƙa, irinsa ne, shi ya sa yake mutuwa kafin ku tashi daga aiki. Sai ka musanya shi da dogo, mai kusan kwana 60, kuma musanyar a sabar ake yin ta don tana buƙatar sirrin manhaja. Ga kuma inda jeri yake da muhimmanci. Idan shafi kake sarrafawa, tikitin shafi daban yake da tikitin mutum. Idan ka ciro na shafin da gajeren tikitin mutum, shi ma gajere zai zo. Idan ka fara musanyawa ka samu dogon, sannan ka ciro na shafin da shi, za ka samu wanda ba shi da ranar ƙarewa. Ban ce ba ya mutuwa ba fa. Ranar da aka sauke mutumin daga masu kula da shafin, ko ya canza kalmar sirri, tikitin ya tafi.

Akwai wani wa'adi na biyu da ke rikita mutane, na kwana 90. Tikiti yana iya zama da ransa amma damar ganin bayanan mutum ta ƙare, idan ya daɗe bai taɓa manhajarka ba. Duk wannan ba sai ka yi ta zato ba. Facebook tana da shafin Access Token Debugger: liƙa tikitin, zai nuna maka na wace manhaja ne, na mutum ne ko na shafi, yaushe zai ƙare, waɗanne izini ke cikinsa. Minti ɗaya ne. Sau da yawa a nan mutum zai ga ashe tikitin na manhajar gwaji ne ya kai shi ta gaske.

Idan kuma lambar 10 ce, ko wata tsakanin 200 da 299, tikitin lafiya yake, izini ne babu. A nan ne ake cewa, "To ai a wurina tana aiki!" Ƙwarai za ta yi aiki a wurinka, tunda kai ne mai manhajar. Waɗanda ke da matsayi a cikinta ana barinsu su gwada izinin da ba a tantance ba. Baƙo kuwa sai Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, ta duba manhajar ta amince. Wannan tsanani ya ƙaru ne tun 2018, bayan abin kunyar Cambridge Analytica, kamfanin da ya samu bayanan miliyoyin masu amfani da Facebook ba da izininsu ba. Lamba 4 da 17 da 32 kuma duk na yawan buƙata ne. Maganinsu haƙuri, da tsawaita jira tsakanin gwaji da gwaji.

Google nata salon daban ne. Tikitinta awa ɗaya ne, sai ta haɗa maka da tikitin sabuntawa wanda za ka riƙa karɓo sabo da shi. Amma sai ka nema, ka sa access_type=offline, kuma a karon farko da mutum ya amince kaɗai ake ba ka. Ka manta ba ka ajiye ba, karo na biyu ba zai zo ba, sai ka tilasta a sake nuna masa shafin amincewa da prompt=consent. Kuskuren da ya fi ba da haushi a wurinsu shi ne invalid_grant, domin suna ɗaya ne ga cututtuka da yawa. Tambayar farko da nake yi wa mai wannan kukan: duk bayan kwana nawa take mutuwa? Idan ya ce duk mako, na gama sanin ciwon. Manhajar da aka bari a matsayin gwaji, tikitin sabuntawarta kwana 7 yake yi. Haka kuma wanda aka yi wata shida ba a yi amfani da shi ba, ya mutu. Sannan akwai iyaka, guda 100 ga kowane asusu a kan manhaja ɗaya. Ka ciro na 101, mafi tsufa ya mutu shiru, ba wanda zai gaya maka. Masu ciro sabon tikiti kullum, kun ji ko? Da hannunku kuke kashe na sabar da ke aiki.

X tana da tarko biyu. A sabon tsarinta tikiti awa biyu ne, tikitin sabuntawa kuma sai ka nemi izinin offline.access, kuma sau ɗaya ake amfani da shi. Duk lokacin da ka sabunta, za a ba ka wani, tsohon ya ƙone. Yanzu ka ce kana da kwafin manhajarka biyu suna aiki a sabar, duka suka ga wa'adi ya cika a daƙiƙa ɗaya, duka suka tafi sabuntawa. Na farko ya samu, na biyu aka kore shi, in ba a yi sa'a ba ma ya rubuta shirme a kan na kirkin. Irin wannan ba ya faruwa a kwamfutarka, sai a sabar da ke da cunkoso, kuma ba kullum ba, shi ya sa yake cin rai. A sa kulle: mai sabuntawa ɗaya a lokaci ɗaya, a ajiye sabon kafin a yi komai da shi.

Na biyu, tsohon tsarin OAuth 1.0a da har yanzu ake amfani da shi a can. Shi kowace buƙata sai an sa mata hannu, kuma sa hannun ya ƙunshi lokaci. Agogon sabarka ya kauce, sai ka ga lamba 135. Ka yi kuskure wajen jera bayanan ko rubuta alamomi na musamman, sai ka ga 32. Ba ruwan tikiti a duka biyun. Amma ga wuri guda da ciro sabo shi ne daidai: idan ka canza izinin manhaja daga karatu kawai zuwa karatu da rubutu, tsohon tikitin yana nan da tsohon izininsa.

Sauran ƙananan abubuwa zan bi su da sauri. Adireshin da za a maido mutum dole ya yi daidai da wanda ka yi rajista, harafi da harafi. Alamar / ɗaya a ƙarshe ya isa a ƙi ka. Lambar wucin gadin nan sau ɗaya ake musanya ta, kuma ƙa'ida ta ce kada ta wuce minti goma, don haka wanda ya sabunta shafin a burauza zai ga kuskure. Sarari ko sabon layi da ya biyo tikiti wajen kwafowa. Da kuma gurbin rumbun bayanai mai ɗaukar haruffa 255 kawai, ya datse wutsiyar tikiti bai ce komai ba. Facebook da kanta ta yi gargaɗi cewa tsawon tikitinta yana iya canzawa.

Wani lokaci kuma kai ba ka taɓa komai ba, ƙasar ce ta motsa. A 2023 Twitter ta janye yawancin damar da take bayarwa kyauta, manhajoji da yawa suka mutu da tikitinsu mai rai. A ranar 4 ga Disamban 2024 Meta ta rufe Instagram Basic Display, wata hanyar da manhajoji ke ɗauko bayanan Instagram. Kowace sigar Graph API, hanyar da manhaja ke magana da Facebook, kuma kusan shekara biyu ake ba ta. Akwatin imel ɗin da kuka yi rajistar manhaja da shi, don Allah a samu mai buɗe shi.

Na ga hannu a can. Bismilla, malama.

(Tambaya: Kun ce a riƙa rubuta amsar sabar a ajiye. Shin har da tikitin za a rubuta?)

A'a, ko kusa. Na gode da kika tambaya. Irin wannan tikitin duk wanda ya riƙe shi, shi ne mai shi, sabar ba ta tambayar yadda aka yi ya zo hannunsa. A watan Satumban 2018 abin da aka sace wa Facebook ke nan, tikitin mutane kusan miliyan 30, ba kalmar sirri ba, kuma sai da ta soke na asusu miliyan 90 don kariya. Abin da za ki rubuta shi ne lokaci, adireshin da aka kira, lambar waje, lambar ciki da ƙaramar lambar, da fbtrace_id, lambar shaidar buƙatar, idan Facebook ce, don shi za su nema idan kin kai ƙara. Na tikitin, haruffa huɗu na ƙarshe sun isa ki gane wanne ne. Ki kuma lura da tikitin da ake saƙalawa a cikin adireshi, don yakan faɗa rajistar sabar ba da sanin kowa ba; ki aika shi a sashen saman saƙon (header), a layin Authorization. Idan kuwa ya riga ya fita, misali an tura shi GitHub, shafin ajiye rubutun manhaja, goge layin bai isa ba, yana nan a tarihin ajiyar. A soke shi nan take, idan sirrin manhaja ne ya fita a canza shi. Ki kuma kunna appsecret_proof a saitin manhajarki ta Facebook, yadda tikitin da aka sace ba zai yi aiki ba sai da sirrin da ke sabarki.

Akwai wata tambayar? Malam na kusa da ƙofa, a miƙa masa makirufo.