Me ya sa alamomin shafinka suka koma akwati?

Salamu alaikum 'yan uwa. Kwana biyun nan, a rukuninmu na masu koyon gina shafin intanet a nan Jidda, kuka ɗaya ake yi: ka sa alamar gida, ka sa ta waya, ka buɗe shafi, sai ga 'yan akwatuna fayau. Wani ƙanena da ke haɗa wa mai shagon dabino shafi a Makka har rantsuwa ya yi wai kutse aka yi masa. Kwantar da hankalinka, ƙanena.

Bari mu yi sauri a nan. Wannan tambarin PNG ne, ɗigo-ɗigo aka jera. Ku ga yadda ya dagargaje da na ja shi. Wannan kuwa SVG, lissafin layi da lanƙwasa ne, ko ka kai shi girman allon tallan titin Tahliya, garau yake. Tun 2001 W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta amince da shi. Irin wannan zanen ake kira fekta.

To, ga inda ake tuntuɓe. Alamar Font Awesome, wato kundin da muke ɗauko alamomin nan, harafi ce, kamar ba ko jim, sai dai an zana ta da siffar gida. An ajiye ta a wani fili da Unicode, tsarin ba kowane harafi lamba, ya bari kowa ya zuba abinsa, daga E000 zuwa F8FF. Gidan nan lambarsa F015. Font ɗinsa, wato fayil ɗin siffofin haruffansa, shi ne ya san kamanninsa.

Mu kuma me muke yi? Shafin na Larabci ne, ana son font ɗin Tajawal ko Cairo, sai mu shiga CSS, inda ake tsara kamannin shafi, mu rubuta tauraro (*) mai nufin komai da komai, font-family, mu ɗora !important mai danne sauran umarni don a huta. Ku duba da kyau. Tauraron nan ya tilasta wa kowa sa rigar Tajawal, har da alamar. Burauza ta je wajen Tajawal neman F015, aka ce ba a san shi ba, ta miƙo maka akwati.

Goge tauraron. Mai da font ɗin kan body, wato gangar jikin shafin, cire !important, sabunta shafin. Yauwa, ga gida ya dawo. Tunda harafi ne, da color za ka sauya launinsa, da font-size girmansa.

Ni dai in alama uku kacal nake bukata, SVG nake liƙawa kai tsaye. Ba a sayen buhu don mudu ɗaya. Kibiyar can da ke nuna dama a shafin da ake karantawa zuwa hagu kuwa, na gan ta, sai bidiyo na gaba.