Sharhi: Yadda Finland Ke Koya Wa Yara Tantance Labari

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau zai kai mu arewacin Turai, ƙasar Finland, mai mutane miliyan biyar da rabi da ɗoriya, wadda iyakarta da Rasha ta zarce kilomita 1,300.

Tun 2017, lokacin da cibiyar Open Society ta birnin Sofiya a Bulgeriya ta fara jera ƙasashen Turai bisa ƙarfinsu na jure labaran ƙarya, Finland ce ta riƙa zuwa ta ɗaya har zuwa 2023. Wannan ya sa ministocin ilimi da 'yan jarida ke ta tururuwa zuwa Helsinki, babban birnin ƙasar, kowa na son ya ga sirrin.

Idan suka shiga aji, abin da suke tararwa ba shi da wani armashi. Babu wani darasi na musamman mai suna tantance labari. Manhajar karatu ta ƙasa da aka amince da ita a 2014, aka fara aiki da ita a 2016, ta rarraba aikin ne a kan kowane malami. Malamin lissafi zai kawo jadawalin ƙididdiga wanda aka datse gindinsa, har ƙarin kashi biyu cikin ɗari ya yi kama da ninki biyu, ya ce wa yara su nemo inda aka yi ha'inci. Malamar zane za ta ɗauki hoton taro, ta yanke gefensa, sai filin da rabinsa wayam yake ya koma cike maƙil. A darasin tarihi kuwa, fastocin farfagandar yaƙi ake bajewa a tebur, a tambayi yaro: wa ya buga wannan, kuma me yake so ka ji a ranka? Tun daga makarantar renon yara ake fara wannan horo.

Dalilin wannan himma ba ɓoyayye ba ne. Bayan Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya daga Yukren a 2014, hukumomin Finland sun ɗauki labaran ƙarya a matsayin batun tsaron ƙasa. Maƙwabciyarta Estoniya ma, wadda ta sha harin intanet a 2007, ta wajabta wa 'yan aji goma kwas na sa'o'i 35 kan kafafen yaɗa labarai tun 2010.

To amma akwai inda ya kamata mu tsaya, masu sauraro. Wancan jeri na Sofiya ba jarrabawa ce da ake yi wa yara ba. Abin da yake aunawa shi ne 'yancin jarida, da ingancin ilimi, da yadda mutane suka yarda da juna. Ke nan Finland ta riga ta yi nisa kafin a rubuta manhajar. Malamin firamare a can sai da digiri na biyu yake shiga aji, kuma an sakar masa mara ya tsara darasinsa. Yaron da aka ce ya tantance labari yana da jaridu da gidan rediyon ƙasa na Yle da iyayensa suka amince da su, inda zai je ya gwada abin da ya gani a TikTok.

Jihar Illinois ta Amurka ta yi doka a 2021 ta tilasta koyar da wannan fanni a sakandare, New Jersey ta biyo baya a 2023. Dokar ta yi kyau. Sai dai a ganina, majalisa na iya zartar da ita a zama ɗaya, amma malamin da zai bari ɗalibi ya ce masa "Malam, ina hujjarka?" ba tare da ya fusata ba, shekaru ake ɗauka ana horar da shi.