Amsoshin Tambayoyinku: Matashi mai lalurar otizim da zaman makaranta

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu uku za mu duba a wannan mako, kuma dukansu sun shafi yadda matashi mai lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, yake fama da zaman makaranta.

Ta farko daga wata uwa ce a Zariya, wadda ta nemi a sakaya sunanta. Ta ce ɗanta mai shekara 14, wanda likita ya tabbatar yana da lalurar, yana aji biyu na ƙaramar sakandare kuma yana da ƙoƙari a lissafi, amma da zarar ya dawo gida sai kuka da jifa da kaya, alhali malamansa sun ce a aji ko tarinsa ba a ji. Tana tambaya ko sangarta ce.

Hajiya, ba sangarta ba ce. Wannan lalura bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun farkon rayuwa, kuma ban da magana da cuɗanya da mutane, tana shafar yadda yaro ke jin ƙara da haske da taɓawa. Ki duba yadda wuninsa ke kasancewa. Da safe zai tsaya a layin asambuli cikin ɗaruruwan ɗalibai ana turereniya, a kaɗa ƙararrawa a kusa da kunnensa, sannan ya shiga aji inda ake matsuwa a kan benci ɗaya. A firamare malami ɗaya ya sani, ya san muryarsa da halinsa, amma a sakandare kowane darasi da malaminsa, kowane malami da dokarsa, kuma ana iya musanya darasi ba tare da an sanar da kowa ba. Ga yaron da hankalinsa ba ya kwanciya sai ya san abin da zai biyo baya, wannan kaɗai ya isa ya dagula masa wuni.

Lokacin tara, wanda sauran yara ke ɗoki, shi ne sau da yawa ya fi yi masa wuya, domin babu malami, babu tsari, sai wasan da ba a faɗa masa ƙa'idarsa ba, ga masu tsokana da laƙaba masa suna. Duk wannan yana daurewa ne ya danne, kamar tukunyar da ke tafasa an toshe bakinta, sai ya iso wurin da ya amince da shi, wato gabanki, sannan abin ya ɓalle. Don haka idan ya shigo kada ki tare shi da tambayoyi ko aike. Ki ba shi abinci, ki bar shi a ɗakin da babu hayaniya har ya dawo hayyacinsa. Ki rubuta masa jadawalin mako a takarda, ki kuma roƙi malamin ajinsu ya zaunar da shi a gefen gaba nesa da taga, ya riƙa gaya masa tun da wuri idan za a yi canji, kuma a yardar masa ya zauna a laburare ko wani ajin da babu kowa a lokacin tara. Idan kika ga yana rausaya jiki ko yana kaɗa hannu, ki ƙyale shi, domin da haka yake lallashin kansa.

Wasiƙa ta biyu wani malamin sakandare ne ya aiko daga Katsina. Ya ce yana da ɗalibi irin wannan da ke gyara masa kuskure a gaban aji, kuma ranar da ya ce masa "ci gaba da surutu ka gani", sai yaron ya ci gaba. Ya yi masa bulala bai ga canji ba, yana tambaya ko a mayar da shi makarantar masu buƙata ta musamman.

Malam, yaron ya bi umarninka ne yadda ya ji shi. Yawancin masu wannan lalura suna ɗaukar magana a zahirinta, mu kuwa Hausawa zancenmu cike yake da gatse da habaici da karin magana. Ka faɗi abin da kake so kai tsaye, umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ka rubuta aikin gida a allo, ka kuma ɗan saurara bayan ka yi tambaya. Maganar gyara a gaban aji, ka keɓe shi ka koya masa a fili cewa ya rubuta a takarda ya miƙa maka bayan darasi. Ladabin da sauran yara ke ɗauka da kallo, shi sai an karantar da shi. Bulala kuwa ba abin da za ta ƙara masa sai tsoron makaranta.

A ganinmu ɗalibin da ke iya gano kuskuren malaminsa ba shi da dalilin barin ajinsa. Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin neman ilimi ba tare da wariya ba. Gaskiya ne akwai waɗanda ba sa magana ko suke da raunin fahimta, kuma su suna buƙatar malami mai horo na musamman. Ka nemi abin da ɗalibinka ya ƙwallafa rai a kai ka shigo da karatu ta nan. Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Kolorado ta Amurka, wadda ita ma take da wannan lalura, ta sha faɗin cewa malaminta na kimiyya a sakandare ne ya juya sha'awarta ga na'urar riƙe shanu ta zama karatu, ko da yake ba kowane yaro ne za a sa ran ya zama farfesa ba. Ka kuma lura da 'yan mata: an fi gano lalurar a maza, wajen ninki huɗu, kuma yarinyar da ke sunkuyar da kai ba ta magana, mu yabonta muke yi da kunya, ba ma tambayar ko tana cikin wahala.

Ta ƙarshe daga Maraɗi ce, inda wani uba ya ce dangi sun matsa ya cire 'yarsa daga makaranta sai ta warke, wasu na cewa aljanu ne, wasu na cewa rigakafi ne. Malam, kada ka cire ta. Tun 1943 likita Leo Kanner ya bayyana lalurar a Amurka, kuma bincike ya nuna gado yana da babban tasiri a cikinta. Zargin rigakafi ya yaɗu ne daga wani rahoto na 1998 a Ingila a kan yara 12, wanda mujallar da ta buga shi ta janye a 2010, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi. Babu maganin da ke kawar da lalurar, saboda haka jiran warkewa asarar shekarun karatu ne kawai. Abin da likita ke iya magancewa shi ne matsalolin da kan biyo ta, kamar farfaɗiya da rashin barci da yawan fargaba, don haka ka kai ta wurin likitan yara ko na ƙwaƙwalwa, ka kuma karɓo takardar da za ka nuna wa shugaban makaranta.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau, sauran wasiƙunku sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.