Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Matasa da Wasanni, a Ziyararsa Filin Golf na Garinmu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam.

Mai girma Kwamishina, wakilin mai martaba Sarki, hakimai, iyayen ƙungiya, 'yan wasa da masu ɗaukar jaka, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa. Aikinka a ma'aikata ba sai mun yi masa shela ba, matasan jihar nan sun riga mu faɗa. Mun san jadawalinka a cike yake, don haka za mu fara da abin da ya hana mu barci. Muna roƙon gwamnati ta ɗauki nauyin yaronmu, wanda ke zaune can a layin gaba, a shekararsa ta farko ta barin wasan sha'awa zuwa wasan sana'a.

Mutane na cewa golf wasan masu kuɗi ne, wasu ma na cewa na Kudu ne. A yi mana afuwa, tarihi bai ce haka ba. Tun 1913 aka buɗe filin Rayfield a Jos, zamanin Turawan haƙar kuza, shekara guda kafin a haɗe Arewa da Kudu. Kakanninmu ne suka ɗauki jakunkunan Turawa, suna kallo suna koyo, har wasu suka fi iyayen gidansu iya bugu. Da ruwa ya yi ƙaranci, filayen Arewa ba su tsaya jiran ciyawa ba: aka cakuɗa yashi da baƙin mai aka shimfiɗa kewaye da rami, ana sharewa bayan kowane ɗan wasa. A kan irin wannan yashi muke wasa har yau, kuma ba ma jin kunyarsa. Abin da ke ba mu kunya shi ne gine-gine sun ci gefen filin, shanu na kiwo a tsakiyarsa da rana tsaka, an yi mana alkawarin rijiyar burtsatse sau da dama a wannan rumfa da kake zaune, har yanzu ko bututu ba mu gani ba. Duk kasafin da ya fito, ƙwallon ƙafa ke kwashewa. Ba hassada muke ba, mu ma da yamma gidan kallo muke tafiya.

A wannan fili yaron nan ya tashi. Yana ƙarami ya fara ɗaukar jaka don samun na makaranta, sandarsa ta farko kuwa rodi ce da ya lanƙwasa da hannunsa. Yau ba a ba shi ko ɗaya daga rangwamen bugun da ake yi wa wanda bai kai abokin karawarsa ƙwarewa ba, shi ke ba manyanmu, kuma kofunan da ke kan teburin nan shi ya kawo su. A matakin sha'awa babu sauran abin da zai nema. Dokar wasan ta 2022 ta ce ɗan wasan sha'awa ba zai karɓi kyautar kuɗi da ta wuce dala 1,000 ba. To matashi mai iyaye da ƙanne ba zai ci kofi ya ƙoshi ba.

Sai dai ƙofar sana'a tana da tsada, ranka ya daɗe, kuma wannan ne mutane ba su sani ba. Ɗan ƙwallon ƙafa yana da albashi ko ya zauna a benci. Ɗan golf shi zai biya kuɗin shiga gasa, kuɗin mota ko jirgi, masauki, da ladan mai ɗaukar masa jaka. Babbar gasa kwana huɗu ce, ramuka 72. Bayan kwana biyu ana tankaɗe waɗanda suka yi baya, su koma gida ba ko sisi. Yaro mai tunanin kuɗin motar komawa, hannunsa ba zai tsaya a kan sanda ba.

Kowa ya san Tiger Woods. Ya ci gasar 'yan sha'awa ta Amurka sau uku a jere, 1994, 1995 da 1996, ya koma sana'a a watan Agusta 1996 yana ɗan shekara 20, sannan ya ci Masters, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf na duniya, a 1997 da ratar bugu 12. Amma kafin ya buga ƙwallonsa ta farko a sana'a, kamfanin Nike ya riga ya tsaya masa da miliyoyin daloli. Mu misalin da ya fi kwanta mana shi ne Vijay Singh, ɗan tsibirin Fiji, wanda ya sha yawo da wahala kafin ya zo ƙasar nan ya ci gasar Najeriya a 1988, ya maimaita a 1989. Shi ne ya ci Masters a 2000, a 2004 kuma ya karɓe matsayin na ɗaya a duniya daga hannun Tiger. Ƙasarmu ta zama tsani ga baƙo, ɗan gida kuwa yana tsaye a gindin tsanin.

Maganar katanga da rijiya tana nan, mun rubuta ta a shafi na biyu, za mu iya haƙuri da ita wata shekara. Ta yaron nan ba za ta jira ba, domin shekarun ƙarfi ba sa tsayawa mutum. Abin da muke nema shi ne kuɗin rajistar gwajin shiga sahun ƙwararru, sabon jerin sanduna 14 da doka ta yarda a ɗauka, da kuɗin tafiye-tafiye na kaka ɗaya. Lissafin yana cikin ambulan da shugabanmu zai miƙa maka hannu da hannu, domin wanda muka aika ta ofis bara bai dawo da amsa ba. Idan lokaci ya ba ka dama, ranka ya daɗe, ka taka zuwa rami na farko ka ga bugunsa ɗaya kafin ka shiga mota.

Allah Ya ƙara girma, Ya mai da kai gida lafiya.

Sakatare, a madadin Kwamitin Tarba