Bayan an dangwala yatsa

Hauwa: Jama'a barkanmu da warhaka daga nan Gombe. Yau Malam Bala da zafinsa ya shigo.

Malam Bala: Tambaya ce kawai, Hauwa. Mai binciken lafiya ya samo izinin kwamitin ɗa'a, masu tantance bincike kafin a yi shi a kan mutane, tsohuwa ta dangwala yatsa a takardar amincewa. Shi ke nan ya fita haƙƙinta?

Usman: To ai tsarin ke nan, Malam. Tun 2007 akwai ƙa'idar ƙasa ta NHREC, wato kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, asibitocin koyarwa kuma kowanne da kwamitinsa.

Malam Bala: Kwamiti takarda yake karantawa, Usmanu, ba ya zuwa zaure. Mai unguwa ya tara jama'a ya ce ga baƙi, a ba su haɗin kai. Wace mace ce za ta ce a'a, ga mijinta tsaye, ga kwarjinin likita?

Hauwa: Da yawa ma sun ɗauka magani aka zo rabawa. Ka tuna Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau. Kamfanin magunguna na Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara wajen 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

Malam Bala: Da aka ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003, ai wannan labarin na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi.

Usman: Amma kar mu tsorata mutane. Nan Kaltungo aka gwada EchiTAb, maganin dafin kububuwa, ya kuma ceci rayuka.

Malam Bala: Ƙwarai, ban musa ba. Amma kowane asibiti ne, ɗauki manomin da aka kawo a babur, ƙafa ta kumbura suntum, jini na tsatsowa daga dasashi. Ko me ka miƙa masa zai sa hannu. Ni a ganina idan ya farfaɗo a sake zama da shi, da Tangale ko Fulatanci in shi yake ji, a ce masa yana iya fasawa, kuma ba za a rage masa kulawa ba.

Usman: Kuɗin mota fa da ake ba masu shiga binciken?

Hauwa: A biya mutum wuninsa da ya bar gona, wannan haƙƙi ne. In ya yi yawan da talaka ba zai iya kau da kai ba, an sayi amincewarsa. Ni abin da ya fi ci mini rai, a ɗebi jinin mutane a tafi, sakamako ya fito da Turanci a wata mujalla, mutanen ƙauyen ba su ji komai ba.

Malam Bala: A sa kuɗin komawa ƙauyen cikin kasafin binciken tun farko.

Usman: Malam, lokaci fa ya ci mu.