Amsoshin Tambayoyinku: An ce in zuba kuɗi a gidajen haya, wai za su ninka

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙarmu ta farko ta fito daga wani ɗan'uwa mai tuƙin tasi a unguwar Bronx ta birnin New York, wanda ya nemi a sakaya sunansa. Ya ce: "Abokina ya gayyace ni wani taro ta Zoom. Mai bayani ya nuna mana hotunan rukunin gidajen haya a jihar Texas, ya ce mu haɗa kuɗi a saya. Duk wanda ya sa dala 50,000 zai riƙa samun kashi 8 cikin ɗari a shekara, bayan shekara biyar kuma kuɗinsa ya ninka. Shin gaskiya ne?"

Malam, Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka sa hannu. Irin wannan ciniki sananne ne a Amurka, kuma doka ta san da shi. Mai bayanin nan shi ne jagoran cinikin. Shi ke nemo gidan, ya ciyo bashin banki, ya tara sauran kuɗin daga hannunku, sannan ya gudanar da komai. Ku masu zuba jari ba ku da ta cewa a harkar yau da kullum.

Abin da ya nuna muku hasashe ne. Yana cewa zai gyara ɗakuna, ya ƙara kuɗin haya, darajar gidan ta tashi, a sayar a raba. Wannan kashi 8 ɗin, wato dala 4,000 a shekara a kan jarinka, ma'anarsa kawai ita ce za a fara biyan ku kafin shi ya taɓa riba. In ba a samu riba ba, babu abin da za a biya. Abin da ya haura haka ana yawan raba shi ne 70 naku, 30 nasa.

Inda nake so ka tsaya sosai shi ne maganar la'ada, domin ba a cika daɗewa a kanta a wajen taro ba. Jagora yakan ɗauki kashi 1 zuwa 3 na farashin gidan tun ranar da aka saya. A ce gidan na dala miliyan 20 ne, la'adarsa kashi 2, ya riga ya karɓi dala 400,000 kafin kwabo ya shigo aljihunka. Bayan haka akwai kuɗin kula da kadara duk shekara, wani lokaci har da na ranar sayarwa. Ba laifi ba ne mai aiki ya ci guminsa. Amma ka tambaye shi kai tsaye: nawa ka sa daga aljihunka? In cinikin ya faɗi, me za ka rasa?

Sai bashin. Ka tambaya ko kuɗin ruwansa tsayayye ne ko mai hawa da sauka. A watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili, zuwa Yulin 2023 ya haura kashi 5. Waɗanda suka ci bashi mai hawa da sauka suka shiga uku. A watan Afrilun 2023 kamfanin Applesway, mai irin wannan ciniki, ya rasa gidajen haya sama da 3,000 a birnin Houston saboda bashin kusan dala miliyan 229. A irin wannan hali banki ake fara biya, masu jari su ne na ƙarshe a layi.

Kada ka tsaya ga hotuna. Ka nemi babbar takardar da ake kira PPM, mai shafuka da yawa, wadda lauyoyi suka rubuta. A nan ne ake faɗin cewa za ka iya rasa kuɗinka baki ɗaya, ba za ka iya janye su ba sai an sayar, kuma ana iya neman ka ƙaro wasu in aka shiga matsi. Ka biya lauya ya karanta maka. Ka kuma sani cewa yawancin irin wannan ciniki hukumar SEC, mai sa ido kan harkar zuba jari a Amurka, ta ware shi ne ga mai samun sama da dala 200,000 a shekara, ko mai dukiyar da ta haura dala miliyan 1 ban da gidan da yake zaune. In jagora ya ce ka cika fom ka nuna ka kai haka alhali ba ka kai ba, ka tashi daga wurin.

Wata 'yar'uwa daga Kaduna ta ce su ma ana kawo musu zanen rukunin gidaje a Abuja, a ce su zuba jari. Hajiya, tambayoyin nan duk naki ne, sai ki ƙara da takardar fili. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen jihohi a hannun gwamnoni, na Abuja kuma a hannun gwamnatin tarayya ta wajen ministan birnin. Ki ga C of O, wato takardar mallakar fili, da idonki, a bincika ta a AGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja, ki taka ƙafa ki je filin, ki kuma tabbatar kamfanin yana da izinin SEC ta Najeriya na karɓar kuɗin jama'a.

Ta kuma tambaya ko halal ne. Siffar cinikin ta yi kama da mudaraba: wani da kuɗi, wani da aiki, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya. Sai dai malamai ba su yarda a lamunce wa mai jari tsayayyar riba ba, kuma mafi yawan waɗannan cinikayya akwai bashin ruwa a cikinsu. Ki ɗauki takardun kansu ki kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki ya duba.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.